Azumin da Na Kusa Kashe Tayim da Ruwa

Shekaranjiya hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen kogi, muna zaune da ƙanwar maigidana Binta muna ware rigunan yara da ta saro a kasuwar Canaan. Ina jin iskar ta bugo labule na watsar da rigar da ke hannuna, na zura silifas, na haye saman bene da gudu, na manta ma da ciwon gwiwa. Binta ta biyo ni tana zaton shanya na bari. Ta tarar da ni ina jan leda a kan tukwanen shuka ina ɗaure bakinta da igiya. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Anti, lafiya? Shuka kike ɓoyewa kar ruwan sama ya taɓa ta? A garinmu fa sai an fita roƙo ake samunsa." Dariya ta kama ni har na zauna a kan bokiti. Na ce ta riƙe min gefen ledar tukuna, labarin da tsawo.

Shekara goma sha wani abu ke nan, lokacin ina sabuwar zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Malam Sani, maigidana, aikinsa loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, in ya fita da safe sai magariba. Ya kama mana ciki da falo a hawa na ƙarshe na wani dogon gida a unguwar Dengfeng, a lungun da in ka miƙa hannu ta taga za ka taɓa tagar maƙwabci. Zafin garin nan ba irin namu ba ne. Namu busar da mutum yake yi, wannan dafa shi yake yi. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Takalman bikina funfuna suka yi a cikin akwati. Ban iya yaren ba, ban san kowa ba, sai kallon bango da jiran ƙarar makulli. Na sha kuka a ɗakin nan, ba wani ɓoye-ɓoye.

Ni kuwa 'yar lambu ce. Babanmu manomin rani ne a Kura, a tsakanin tumatur da albasa na girma. A gidanmu ruwa ba abin wasa ba ne. Layi ake bi kafin a sako maka shi, in ya shigo fangalinka, wato ɗan kwamin da aka kewaye da ƙasa, sai ka toshe bakin da laka kada ko ɗigo ya tsere gonar wani. Na ga manya masu gemu sun ci kwalar juna a kan ruwa. Alwala ma a gindin barkono muke yin ta don kada ruwan ya tafi a banza.

Wata rana na hau can saman gidan neman inda iska ke kaɗawa in yi shanya, sai ga tukwanen shuka jere a jikin bango, wasu a fili, wasu an yi musu 'yar rumfar leda. Na'a-na'a na gane nan take. Akwai wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami. A ƙarƙashin rumfar kuma ga wani mai ƙananan ganye, bai ko kai na tsamiya ba, ya kwanta ya bazu a bakin tukunya. Na murza na kai hanci. Wallahi sai da na yi ƙara ni kaɗai. Tayim! Tayim ɗin nan da muke barbaɗawa a dafa-duka tare da kori. Ni duk tsawon rayuwata a gwangwani na san shi, busasshe, ban taɓa kawo wa raina cewa abu ne mai rai da ake shukawa ba. Na tsuguna ina ta shinshina kamar akuya, ashe mai su tana bayana tana dariya.

Sunanta Alin, siririyar yarinya, ba ta kai ni shekaru ba, tana haya a ɗakin da ke kallon namu. Ita ma baƙuwa ce a birnin, daga ƙauyen masu noman shinkafa ta zo. Turancinta guntu, nawa guntu, muka haɗa da hannu da ido muka yi zance. Kafin wata ya ƙare ta koma kirana jeje, wato yaya. Ita ta koya min cewa na'a-na'a ba a haɗa ta tukunya da kowa, domin shaƙe abokan zama take yi, kuma da sassafe ake tsinkar ganye kafin rana ta kwashe ƙamshin. Ta nuna min inda masu kifi ke zubar da akwatunan farin soso, muka kwaso, na cika su da ƙasa, na zuba irin yakuwa da alayyahu da ɗaɗɗoya da Innata ta ƙulle min a leda. Ranar da yakuwar ta huda ƙasa na sauko da gudu na kira Malam a waya, yana tsakiyar lodi, na ce masa ta fito. Bawan Allah ya rikice yana tambayar wa ta fito, daga ina.

Sai daga baya na tambayi Alin ko miya take yi da tayim ɗin. Ta ce a'a. A wani otal a unguwar Tianhe take aiki, wanke kofuna a ɓangaren da ake sayar da giya, shekara da shekaru hannunta a ruwan omo har fatar ta tsattsage. Tana wanki tana satar kallon yadda masu haɗa abin sha suke yi. Wani kuku ne ya ba ta irin. Ta ce in aka murza ɗanyen tayim a cikin wiski da zuma da lemun tsami, ƙamshin da yake tashi busasshe ba ya bayarwa, kuma a lokacin ko ka zaga kasuwa neman ɗanye, meyo za a ce maka, babu. Lauban ɗinsu, wato ogansu, ya yi mata alkawarin gwaji. Ta kawo haɗin kanta da ganyen da ta noma, in ya yi masa, ta bar wanke-wanke ta shiga cikin masu haɗawa. In bai yi ba, ta riga ta gaya wa iyayenta za ta tattara ta koma ƙauye, hannun ya gaji.

Salati na yi da na ji wiski. Da na gaya wa Malam ya ajiye cokali ya ce ashe a saman kansa ake noman giya bai sani ba. Na ce ganye ne, irin wanda ya gama lashewa a shinkafa yanzun nan. Ya ce shi dai ba ruwansa, kuma kar ya kuskura ya ga kwalba a gidansa. Na ce ni da kaina zan fasa ta. Aka bar maganar a haka, amma daga ranar in ya dawo sai ya tambaye ni ya amfanin gonar mashaya.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Ana gab da kamawa Alin ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da jaka a kafaɗa, idonta jajir. Babanta ya faɗo daga tsani ya karye, ga aikin gona ba mai yi, dole ta tafi, sai ƙarshen wata za ta dawo, gwajin kuma jim kaɗan ne bayan dawowarta. Ta ja ni sama ta nuna min tukwanen tayim ɗinta guda shida. Ta ce ruwa kaɗan, sai ƙasa ta bushe, kuma kada su fita daga rumfa. Na gane sarai, ba wani ruɗani na yare. Na dafa ƙirji na ce ta tafi hankali kwance, amana ce, kuma 'yar manomi ta bar wa. A zuciyata kuwa cewa nake yi, yarinyar nan rowa take yi wa bayin Allah, bari ta dawo ta ga yadda ake lambu.

Abin da na fara gyarawa gindin tukwanen ne. Kowace da huji, ka zuba ruwa ya zurare ya bi rariya, ina kallo raina yana ɓaci. Na yayyaga tsohon ɗankwali na toshe su tsaf. Na tattaro ƙasa na yi wa kowace baki a kewaye yadda Baba ke yi wa fangali. Na ja baya na duba, na ce yanzu aka yi aiki.

Sannan azumi ya kankama. Ban taɓa jin ƙishi irin na wannan shekarar ba. Da safe in yi shara da wanke-wanken sahur, da hantsi in surfa waken ƙosai, gumi yana ɗiga a cikin roba. Kafin azahar harshe ya manne, fanka tana juyawa amma zafi kawai take kaɗowa. Da la'asar in tafasa zoɓo in dama kunu, ƙamshin citta yana dukana ba halin ɗanɗanawa. To duk lokacin da ƙishin ya taso min, sai in ɗauki buta in hau sama. Ni aka hana sha, tukwanen tayim ba a hana su ba. In tsaya ina tsiyaya musu, ina jin ƙasa tana zuƙa, sai in ji sanyin har maƙogwarona. Da safe in ba su, da rana in ba su, da yamma in ƙara. Ruwan wankin shinkafa nasu ne, na alwala ma nasu ne.

A cikin goman farko sama ta ɓalle. Ba irin namu ba da zai zuba ya ɗauke rana ta fito, wannan yini yake yi, ya kwana, ya wayi gari. Lungunmu ya zama rafi, masu shagon waya suna kwarfe ruwa da faranti suna masifa. Ni kuwa murna kamar in yi me. Na hau sama ba lema, na tsaya a ciki, baki a rufe gam saboda azumi amma jikina duk yana sha. Sai na waiga na ga tayim a ƙarƙashin rumfa, rahama tana sauka an killace su. Tausayinsu ya kama ni. Na jajjawo duka shidan na jera su a fili, na ce ku sha, uwarku ba ta nan.

Ai kuwa lambu ya amsa. Yakuwa ta kai min gwiwa, alayyahu ya yi fato-fato, na'a-na'a ta tsallake tukunya tana neman hanya. Labari ya bazu a lungu cewa matar Malam Sani tana da ɗanyar yakuwa. Masu shan ruwa a falonmu suka ƙaru, yawanci 'yan kasuwar da suka baro iyali a gida, kowa da ledar ayabarsa ko kankana. In yi fate babbar tukunya a share ta tas, a bi da shayi mai na'a-na'a. Wani dattijo ya ci ya share ido ya ce rabonsa da tsamin yakuwa tun barinsa gida. A nan na san Mma Fati, 'yar zangon Kumasi, mai dafa wake da shinkafa a hawa na biyu tana kai wa 'yan kasuwa. Babbar mace ce, tun daga ɗakinta ake jin muryarta a namu, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne.

Wata la'asar na hau tsinko na'a-na'a, sai hancina ya ji wani wari-wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Na ɗaga reshen tayim. Sama kore, ƙasa baƙi, ganyen yana zubowa a hannuna, gindin ya yi laushi yana santsi. Na duba tukunya ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Kuma abin dariyar, buta na fara rarumowa, domin a saninmu shuka in ta langaɓe ƙishi take ji. Da butar a hannu Mma Fati ta same ni, ta biyo ni karɓar ɗaɗɗoya.

Ta karkata tukunya ɗaya, baƙin ruwa ya tsiyayo, ta leƙa gindin sai ga tsumman ɗankwalina. Ta dube shi ta dube ni. "Kai 'yar Kano, wa ya toshe wannan?" Na ce ni. Ta ce a Kumasi manomi hanyar fita yake haƙa wa ruwa, kuma wannan da ganin ƙananan ganyensa ka san ba ɗan fadama ba ne. "Ka nutsar da shi," in ji ta. Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti. Ba abin da nake gani sai tsattsagaggen hannun Alin da jakar nan a kafaɗarta. Na fashe da kuka, Mma Fati ta ce in adana hawayen, ruwan ya isa haka.

Malam ya dawo ya tarar ko kunu ban dama ba. Na gaya masa, ina jiran ya ce Allah ne ya raba ni da wahala. Ya ci dabinonsa ya sha ruwa, sannan ya tambaye ni ko da bakina na ce mata amana. Na ce da bakina. Ya ce to magana ta ƙare, abin da za ta yi da ganyenta tsakaninta da Mahaliccinta ne, amma ba a gidansa za a ci amanar maƙwabciya ba.

Washegari bai fita lodi da wuri ba. Ya je inda ake gini a bakin titi ya roƙo yashi da tsakuwa, da nuni da sheshe ɗinsa, wato na gode da yarensu, ya hauro da su a buhu har hawa na ƙarshe, da azumi a bakinsa, rigarsa sharkaf. Mma Fati ta kawo almakashi da tsohon kwando. Muka zazzage tukwanen a kan buhu. Uku sun riga sun tafi, saiwar ta zama kamar dafaffiyar taliya. Ɗaya muka yi ta gardama a kanta, ita ma daga baya ta bi su. Biyu ne ke da sauran farar saiwa. Muka yanke ruɓaɓɓen, muka cakuɗa yashi da tsakuwa da 'yar ƙasa, muka zare tsummokaran, Malam ya ƙara huda tukwanen da ƙusa. Kawunan da suka rage kore a jikin matattun Mma Fati ta ce kar a zubar, muka tsittsinke muka soka a yashi cikin kwandon. Muna aiki muna dariya da busassun leɓɓa, tana tsokanata wai ranar da ta kwanta ciwo kar a bar ni kusa da ita da buta.

Ba mu gama hutawa ba aka yi sanarwar guguwar teku tana tafe, masu shaguna suna ta manna salatif a gilashi. Muka kwaso tukwane biyun da kwandon muka ɗora a kan tebur jikin tagar falo. Danshi ya cika ɗakin har bango yana gumi, ga shi fanka ɗaya gare mu. Malam ya dube ni, na dube shi, ya tashi da kansa ya juya ta wajen tayim. Haka muka yi goman ƙarshe, mu muna ɗiga, ganyen mashaya yana shan iska. In abokansa sun zo shan ruwa suka tambaya, sai ya ce baƙin madam ne, a yi hankali da su. Guguwar ta zo ta kwashe rumfar Alin, ta kwantar min da yakuwa, ko a jikina.

Abin da ya fi komai wuya shi ne hana su ruwa. Ƙasar ta bushe ta yi fari, in zauna gabansu da azahar, ƙishi yana cina, hannuna yana ƙaiƙayi. Mma Fati ta kafa min doka, sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji a bushe ƙayau sannan in ba su cikin murfin filas, kuma ta ce tana da 'yan rahoto. Ni da su duk azumi muke yi, sai dai ni ina sha da magariba. Wata safiya ana gab da Sallah na ga wasu ƙananan tofo kore shar sun tsattsafo a kan reshe. Na rangaɗa guɗa. Ban taɓa guɗa a ƙasar Sin ba sai ranar, har matar da ke ƙasanmu ta bugo silin ɗinta da sanda.

Yanzu in kana son ɗanyen tayim waya za ka latsa, kafin ka idar da sallah mai babur ya kawo maka a leda, har da wasu ganyayyakin da ban san sunansu ba. Gidan da muke ciki akwai lifta, akwai na'urar sanyaya ɗaki. Yawancin waɗanda suka ci faten nan sun koma gida, Mma Fati ma tana Kumasi tana rainon jikoki. A lokacin kuwa tukwane biyu ne a kan teburina, kuma aikin yarinyar mutane a kansu ya rataya.

Alin ta dawo washegarin Sallah, ta rame ta yi duhu saboda aikin gona. Ina jin takunta ya wuce ƙofarmu ya haye sama, na san abin da za ta gani, ba rumfa ba tukwane. Na bi ta da gudu da kwalliyar Sallata, na kamo hannunta na jawo ta falo. Na gaya mata komai, har tsumman na nuna mata. Ta tsaya tana kallon biyun da suka rage daga shida. Ta sunkuya ta murza kan reshe ɗaya ta shinshina, ta daɗe a haka. Sannan ta bi rassan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce zai isa, amma sai dai a aske su duka.

Ranar gwajin ni na riƙe tukunya, ita ta yanka, Mma Fati ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya rasa addu'ar da ta dace, daga ƙarshe ya ce Allah ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Na yini ina safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, shinkafar rana ta ƙone min. Da la'asar sai ga takunta a matakala da gudu, tana kiran jeje tun daga ƙasa. Ta shigo da baƙar falmaran a kan farar riga, sabuwa fil, ta juya min gaba ta juya baya. Na rungume ta na ɗaga ta sama, da ma ba nauyi gare ta ba, muka yi ta tsalle har Mma Fati ta hauro da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Sai da muka lafa ta gaya min sauran. Masu falmaran a gidan ma'aikatan otal suke kwana, can Tianhe, ƙarshen mako za ta tashi. Murnar ta koma ciki. Na yi ta roƙon Allah ya ba ta, ban taɓa tunanin in ta samu tafiya za ta yi ba.

Ranar tashin ta ɗauki tukwane biyun da aka aske, ta bar min kwandon yashi, domin kawunan da muka soka sun kama. Ta zaro wani ɗan ƙaramin kofin ƙarfe daga aljihu, irin wanda suke auna wiski da shi, ta ce sabo ne ba a taɓa zuba masa komai ba. Ta ɗora a tafin hannuna ta rufe yatsuna a kai. "Jeje, ɗaya. Ba biyu ba." Malam ya karɓa duk da haka ya yi ta wanke shi da sabulu. Na raka ta har bakin titi da jakarta a kaina, na tsaya har motar ta sha kwana. Na hauro ni kaɗai na tarar da ƙofar ɗakinta a buɗe, an share tas. Na shiga falo na tura yatsa a cikin yashin, a bushe yake. Na cika ɗan kofin na zuba musu, na tsaya da shi a hannu ina kuka, ban ƙara na biyu ba.